Uwa da 'Ya'yanta: Shirya Ɗaliban Ƙasar Haɗeja ga Tambayoyin Lissafin Kuɗin Ruwa

Tsakure

Lissafin kuɗin ruwa yana cikin manhajar jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, kuma aikin da ke cikinsa bai wuce ninkawa da rabawa ba. Duk da haka, ɗalibin da ke iya ƙiyasta kuɗin buhun shinkafa ashirin da ka yakan yi tuntuɓe a kansa. Wannan maƙala ta dubi lamarin ta fuskar harshe, ta ɗauki ƙasar Haɗeja a matsayin fage. Ta nuna cewa kalmomin *uwar kuɗi* da *ruwa* da *riba* suna ɗauke da mafi yawan abin da ɗalibi ke buƙata, muddin aka gina shirin jarrabawar a kansu kafin a kai ga haddar ƙa'ida.

1.0 Gabatarwa

Kogin Kano da na Calawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, yadda ruwa ke isowa fadamun Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri ya sauya, noman rani kuma ya ƙara kankama, musamman a filayen ban ruwa na Auyo da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Noman rani noma ne mai cin jari. Kafin a ga ƙwayar shinkafa ko alkama sai an sayi iri da taki da man injin ban ruwa, an biya 'yan ƙwadago. Wanda ba shi da jari sai ya ci bashi, ko a hannun ɗan'uwa, ko a wurin dillalin da zai sayi amfanin, ko a banki. Shirin lamunin manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ya fara ne da ruwan da bai wuce kashi 9 cikin ɗari a shekara ba.

Ke nan yaron da ya tashi a wannan yanki ya san bashi, ya san wa'adi, ya kuma ji ana maganar abin da ya hau kan kuɗi. Idan ya zauna gaban takardar jarrabawa, wannan sanin duka yakan tsaya a bakin ƙofa, domin tambayar ta zo da Ingilishi, shi kuma an koya masa amsa ta da haruffa huɗu da ya haddace. Faɗuwa a lissafi kuwa tana rufe wa ɗalibi ƙofar galibin kwasa-kwasan jami'a, har da ta Sule Lamido da ke nan Kafin Hausa, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke cikin garin Haɗeja.

2.0 Kalmomin da Ke Gaban Lissafin

Tarkon farko yana cikin kalmomin tambayar. Kusan kowace muhimmiyar kalma a wannan babi ɗalibi ya riga ya san ta da wata ma'ana dabam. *Principal* a wurinsa shi ne shugaban makaranta. *Interest* sha'awa ce. *Compound* harabar makaranta ce da ake sa shi sharewa da safe. Mafi haɗarinsu ita ce *amount*, wadda a maganar yau da kullum take nufin kowane adadin kuɗi, amma a nan ba ta nufin komai sai jimillar uwar kuɗi da ruwanta. Ɗalibin da bai san wannan ba zai iya yin lissafi tsaf, ya kuma amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Hausa ba ta rasa nata kalmomin ba, kuma sun fi na Ingilishi bayyana abin da ke faruwa. Jarin asali shi ne *uwar kuɗi*. Abin da ya hau kansa shi ne *ruwa*. Kalmar uwa ita kaɗai ta isa darasi, domin abin da aka san uwa da shi shi ne haihuwa. Ba Hausawa kaɗai suka ga lamarin haka ba. A tsohon harshen Girka kalmar *tokos* tana nufin haihuwa, tana kuma nufin kuɗin ruwa. A harshen Sumer na tsohuwar Iraƙi kalma ɗaya ce ake kiran ɗan akuya da kuɗin ruwa da ita. Da wannan siffa ana iya raba nau'o'in biyu cikin jimla ɗaya. A nau'i na farko uwa ce kaɗai ke haihuwa, kuma 'ya'ya iri ɗaya take bayarwa kowace shekara. A nau'i na biyu 'ya'yan ma suna girma su haihu. Yaron da ya ga yadda akuya ɗaya ke zama garke a gidansu ba ya buƙatar a maimaita masa. A wannan maƙala za a kira na farko *tsayayyen ruwa*, na biyu kuma *ruwa-kan-ruwa*. Shawara ce kawai, tana jiran hukuncin masana keɓaɓɓun kalmomi.

Sai kalmar *riba*, wadda ita ce ta fi jawo ruɗani, kuma manazarta Hausa ne suka fi cancanta su warware ta. Kalmomi biyu ne rubutun boko ya haɗe. Akwai riba mai dogon wasali a gaɓar farko, daga *ribh* ta Larabci, wato abin da ɗan kasuwa ke samu a cinikinsa. Akwai kuma riba mai gajeren wasali, daga *riba* ta Larabci, wadda Alƙur'ani ya haramta a aya ta 275 ta Suratul Baƙara, ya kuma ambaci wadda ake ninkawa a aya ta 130 ta Suratu Ali Imrana. A baki Bahaushe ba ya rikita su, amma a allo suna kama da juna, tunda daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti. Malamin da ya fassara kuɗin ruwa da "riba" a allo ya bar ɗalibi tsakanin babi biyu na manhaja, wato na riba da faɗuwa da na kuɗin ruwa, waɗanda lissafinsu ya bambanta, domin na farko ba ruwansa da lokaci.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a aji ba. A al'umma irin ta Haɗeja, ɗalibin da ya fito daga Islamiyya ya san hukuncin riba, kuma wani yakan ji a ransa cewa babin ba nasa ba ne. Bai kamata malami ya yi kamar bai san da wannan ba. Abin da zai nuna shi ne, wanda bai iya lissafin ruwa ba shi ne ya fi saurin faɗa masa, kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma da kaso cikin ɗari suke ƙayyade ribar cinikin murabaha. Haka nan lissafin ruwa-kan-ruwa shi ne dai lissafin hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a da tsufan injin ban ruwa.

3.0 Tsayayyen Ruwa

Ƙa'idar gajera ce: a ninka uwar kuɗi da kaso da lokaci, a raba da 100. A takardar jarrabawa ita ce I = PRT/100. Haddarta ba ta da wuya, kuma ba a nan ake faɗuwa ba. Ana faɗuwa ne a kan harafin T.

A ce manomi a Auyo ya karɓi ₦200,000 a kan kashi 9 cikin ɗari a shekara, zai biya bayan wata 6 idan ya girbe shinkafa. Kason na shekara ne, saboda haka dole wata 6 su koma rabin shekara. Ruwan shekara guda ₦18,000 ne, na rabinta ₦9,000. Ɗalibin da ya ɗauki 6 ya cusa a ƙa'ida yadda ya gan ta zai sami ₦108,000. Da a kasuwa aka ce masa mahaifinsa zai biya ruwan da ya haura rabin uwar kuɗi a kan kashi 9, da ya yi dariya. A ɗakin jarrabawa sai ya rubuta ya ja layi biyu a ƙasa. Don haka dabarar da ta fi kowace amfani ita ce a saba wa ɗalibi da ƙiyasi kafin lissafi. Kashi 9 ya kusa kashi 10, kashi 10 na ₦200,000 kuwa ₦20,000 ne a shekara, duk amsar da ta wuce haka a wata shida ƙarya ce. Wannan ba ya cin daƙiƙa goma.

Irin wannan sauya ma'aunin lokaci ne ke tona tsadar bashin da ake ganin mai sauƙi ne. A ce an ba mutum buhun gero ɗaya a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zai mayar da buhu ɗaya da rabi a Nuwamba. Ruwan kashi 50 ne a wata 3. Idan aka mayar da shi na shekara, kashi 200 ke nan. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi sau ɗaya da hannunsa ba zai sake mance ma'anar *per annum* ba.

Nau'in tambayar da ya fi kayar da masu ƙoƙari shi ne wanda ake komawa da baya. An ce wasu kuɗi sun zama ₦69,000 bayan shekara 3 a kan kashi 5 na tsayayyen ruwa, nawa ne uwar? Hanyar da ta fi zuwa wa ɗalibi ita ce ya ce ruwan shekara uku kashi 15 ne, ya cire kashi 15 daga ₦69,000, ya sami ₦58,650. Kuskuren shi ne ya lissafa ruwa a kan uwa da 'ya'yanta, alhali uwa ce kaɗai ta haihu. Abin da ya dace ya tambayi kansa shi ne: idan uwa kashi 100 ce, 'ya'ya kashi 15, to ₦69,000 kashi 115 ne. Kashi ɗaya ₦600 ne, uwar kuwa ₦60,000. Masu tsara tambayoyin zaɓi, waɗanda ɗalibai ke kira canki-canka, sun san irin waɗannan kurakurai, kuma daga cikinsu suke ƙera amsoshin bogi. Ganin amsarka a cikin jerin ba shaidar daidai ba ce.

4.0 Ruwa-kan-ruwa

A nan ra'ayin wannan maƙala shi ne kada a fara da ƙa'ida ko kaɗan. A fara da jadawali, shekara bi shekara. A ce an ajiye ₦50,000 a kan kashi 10 na shekara 3:

Shekara ta 1: uwa ₦50,000, ruwa ₦5,000, jimilla ₦55,000
Shekara ta 2: uwa ₦55,000, ruwa ₦5,500, jimilla ₦60,500
Shekara ta 3: uwa ₦60,500, ruwa ₦6,050, jimilla ₦66,550

Abin lura ɗaya ne: jimillar bara ita ce uwar bana. Da tsayayyen ruwa ne da ₦15,000 aka samu, a nan kuwa ₦16,550 ne. Bambancin ₦1,550 shi ne abin da 'ya'ya da jikoki suka haifa, ₦500 a shekara ta biyu, ₦1,050 a ta uku. Sai ɗalibi ya cika irin wannan jadawali sau da yawa, har ya gane da kansa cewa kowace shekara da 1.1 yake ninkawa, sannan a nuna masa A = P(1 + R/100)ⁿ a matsayin gajeriyar hanya. Ƙa'idar da aka kai gare ta haka, ko ta ɓace wa mutum a ɗakin jarrabawa yana iya sake gina ta. Jadawalin yana da wata fa'ida a takardar rubutu ta WAEC, inda ake ba da maki a kan hanyar aiki dabam da makin amsa: wanda ya yi kuskuren ninkawa a layin ƙarshe bai yi asarar komai da komai ba.

Wajibi ne kuma a jaddada cewa wannan ƙa'ida jimilla take bayarwa. Ta tsayayyen ruwa kuwa ruwa take bayarwa. Idan ruwa aka tambaya, sai an cire uwa daga jimilla. Da wuya a sami makin da ake zubarwa a banza kamar wannan. Maganinsa shi ne ɗalibi ya rubuta kalma ɗaya a gefen tambaya kafin ya taɓa lamba: "uwa", ko "ruwa", ko "jimilla".

Idan tambaya ta ce ana haɗa ruwan duk wata shida, siffar haihuwa tana nan da amfaninta. Uwar tana haihuwa sau biyu a shekara, kowane karo rabin kaso. ₦100,000 a kan kashi 12 za ta zama ₦106,000 a wata shida, sannan ₦112,360 a ƙarshen shekara, maimakon ₦112,000. Ƙarin ₦360 kamar ba komai ba ne, sai an gwada da kaso mai nauyi. Mai ba da bashin da ke karɓar kashi 10 a wata, idan ruwansa tsayayye ne, ₦100,000 za ta zama ₦220,000 a shekara. Idan kuwa duk wata yana mayar da abin da ba a biya ba cikin uwa, za ta kai kusan ₦313,843. Manomin da ambaliya ta cinye wa gona, kamar yadda ta yi wa dubbai a Jihar Jigawa a daminar 2022, wanda dole ya ɗaga biya zuwa wata kakar, wannan bambanci ne zai yanke ko gonar za ta ci gaba da zama tasa.

Akwai awon gaggawa da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe, wanda Luca Pacioli ya ambata a littafinsa na lissafi da aka buga a Italiya a 1494. A raba 72 da kaso, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da kuɗi za su ninka. A kashi 9, shekara 8 ke nan. Saboda haka duk amsar da ta nuna kuɗi sun ninka a shekara uku a kan kashi 9 ba sai an duba ta sau biyu ba. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. A kan kashi 30, mudun da aka saya ₦1,000 zai koma ₦1,300, sannan ₦1,690, sannan ₦2,197 a shekara ta uku. Ɗalibai sun ga wannan da idonsu a kasuwa, sunan lissafinsa ne kawai ba su sani ba.

Ta ɓangaren raguwa ma akwai misali a gida, kuma daga makarantar Islamiyya yake. Zakkar kuɗi ɗaya bisa arba'in ce, wato kashi 2.5. Wanda ya ajiye ₦40,000,000 bai juya su ba zai fitar da ₦1,000,000 a shekarar farko. A ta biyu daga ₦39,000,000 zai fitar, wato ₦975,000, saura ₦38,025,000. Wannan shi ne lissafin raguwar daraja da manhaja ta tanada, sai dai a nan da 0.975 ake ninkawa. Zakkar amfanin gona kuma, ɗaya bisa goma ga noman damina da ɗaya bisa ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa, ita ce kashi 10 da kashi 5. Abin mamaki ne yadda yaro zai iya wannan da yamma a gaban malamin fiƙihu, da safe kuma a ce bai san kaso ba.

Ga wanda ke son misalin da babu kuɗi a ciki sam, ga kacala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja zuwa Nguru. Idan aka ƙaddara, don atisaye kawai, cewa ta rufe hekta 100 kuma tana ƙaruwa da kashi 20 a shekara, za a sami 120, sannan 144, sannan 172.8. Kowane sabon tushe shi ma yana yaɗo, kamar yadda masuntan Guri za su shaida.

5.0 Tsara Lokaci

Jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta takan faɗo a watannin Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo baya. A wannan yanki lokacin ya zo daf da aikin girbin rani, sa'ad da ake buƙatar hannun samari a gona. Farkon zangon karatu kuma, a watan Satumba, shi ne lokacin da ruwa ya fi cika, wasu shekaru har makarantu kan zama mafakar waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu. Watannin da za a iya dogara da su su ne daga Oktoba zuwa Maris. Wanda ya bar bita sai jarrabawa ta matso ya bar ta ga lokacin da ba nasa ba.

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa karatun da aka rarraba a kan kwanaki ya fi zama a ƙwaƙwalwa a kan wanda aka dunƙule. A 2006 Roediger da Karpicke sun nuna cewa gwada kai ya fi maimaita karantawa riƙe abu na dogon lokaci, a 2007 kuma Rohrer da Taylor suka nuna fa'idar cakuɗa nau'o'in tambayoyin lissafi yayin atisaye. Tsangaya ta daɗe da aiki da biyun farko: almajiri yana wanke allo ya kawo hadda da ka, yana kuma komawa baya da tilawa a kai a kai. Na ukun ne ya fi dacewa da wannan babi. Idan ɗalibi ya yi tambayoyi ashirin a jere duka na tsayayyen ruwa, bai taɓa koyon gane wane nau'i ne a gabansa ba, alhali wannan ne matakin farko a ɗakin jarrabawa. Tambayoyi biyar a rana sun wadatar, a cakuɗe: ɗaya ta tsayayyen ruwa, ɗaya ta ruwa-kan-ruwa, ɗaya ta komawa da baya, sauran daga riba da faɗuwa ko raguwar daraja, a ɗauko su daga takardun shekarun baya.

Hanyar amsa kuma ta danganta da jarrabawar. Takardar zaɓi ta WAEC tambaya 50 ce a minti 90, ƙasa da minti biyu ga kowace. JAMB, wadda ake yi a kwamfuta, tambaya 180 ce a sa'a biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace idan aka raba daidai. A irin wannan ƙuncin ƙiyasi ne ke ceton mutum. Ruwa-kan-ruwa kullum ya ɗara tsayayyen ruwa da kaɗan idan shekarun biyu ne ko uku, saboda haka a fara lissafa tsayayyen da ka, a zubar da duk zaɓin da bai kai shi ba ko ya yi masa nisa. Sau da yawa ɗaya ne zai rage. A takardar rubutu kuwa akwai sarari, a can ne jadawali ke biyan wahalarsa.

Atisaye na ƙarshe da wannan maƙala ke ba da shawara a kai yana buƙatar malamin Hausa da na lissafi su zauna tare, abin da ba kasafai ake yi ba. A ba ɗalibi tambaya da Ingilishi, kada ya lissafa komai, ya mayar da ita Hausa kawai, ya nuna wace ce uwa, nawa ne kaso, wa'adin wata ne ko shekara, su 'ya'yan suna haihuwa ko a'a. Daga nan a juya: ya ƙirƙiri tambaya da Hausa a kan bashin taki ko kuɗin injin ban ruwa, abokinsa ya mayar da ita Ingilishi ya amsa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, kuma shirin shekara shida na Ile-Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya koyar da lissafi da Yarabanci. A sakandare babu irin wannan tanadi, kuma littafin keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya tsaya ne kan harshe da adabi da dabarun koyarwa. Kafin a daidaita na lissafin kuɗi, kowane malami da sunan da yake kiran waɗannan nau'o'i biyu, kuma yaron da ya tashi daga wata makaranta a Malam Madori zuwa wata a Birniwa yana iya tarar da an sauya masa su.